Yadda ake ɗaura saman tebur na icen ok don kada hunturun Damagaram ya tsaga shi

Tebur na farko na icen ok da ya biyo ta hannuna, ni na lalata shi. Wani Alhaji a Zango ne ya sayo shi cikin kayan gwanjo da aka ɗauko daga Kwatano. Ya iso da kaka, samansa yana ɗan gocewa idan an tura shi da ƙarfi, sai Alhaji ya aiko a zo a ƙara masa ƙwari. Lokacin ina yaron shago, maigidana kuma ya tafi Kano sayen katako. Na ga abin ba wuya. Na shafa gam kewaye, na ƙara ƙarafan kusurwa huɗu, na ɗaure sukuru har tafin hannuna ya yi ja. Alhaji ya yaba, har da tukwici. Cikin Janairu da tsakar dare mutanen gidan suka ji ƙara a falo kamar an harba bindiga. Gari na wayewa aka tarar saman ya tsage daga goshi har kusan tsakiya, ɗan yatsa yana shiga. Ashe gocewar nan da na toshe, wanda ya ƙera teburin da gangan ya bar ta.

Ok icen Turai ne da Amurka. Faransawa suna ce masa shen, kuma da wannan sunan za ka fi jin sa a bakin dillalai. Yana zuwa mana Zinder cikin kayan gwanjo, ko cikin kayan da baƙin ma'aikata ke sayarwa idan za su koma gida: tebur, armuwar, gado, tsofaffin ƙofofi. Don haka aikin da zai same ka, ɗan'uwa, ko dai gyaran tsohon tebur ne, ko wargaza tsohon kaya ka fitar da sabon tebur daga katakonsa. Hanyar ɗaya ce.

Kayan da za ka tanada

Tef ɗin awo mai milimita, sukwaya da fensir. Zarto, filen, da cizal biyu, mai bakin milimita 8 da mai faɗi. Injin huda da bakuna daga milimita 3 zuwa 6. Idan wuta ta ɗauke, na juyawa da hannu ma ya isa, gumi dai za ka sha. Ƙarafan matse katako aƙalla huɗu. Wanda ba shi da su sai ya kafa katakai biyu a kan benci ya matse da weji, ko ya ɗaure da robar tub ɗin mota da aka yanka dogo-dogo. Farin gam na katako. Sanfefa lamba 80, 120 da 180. Banis ko man lin. Kyandir. Sikeli irin na masu awon kaya. Ƴan sanduna masu kauri ɗaya, kamar santimita 2, na jera katako. Tsohon bargo. Guntayen ok ko maɗaci na ƙera maɓallai, wato ƴan katakon da za su riƙe saman tebur ta ƙasa.

Sukuru kuwa sai an tsaya a kansa. Ok yana ɗauke da sinadarin baurin nan da majema ke nema a cikin bagaruwa. Duk wanda ya ga yadda ruwan ƙarfe ke mayar da jemammiyar fata baƙa wuluk ya san abin da zai faru: baƙin ƙarfe ya haɗu da ok, laima ta shiga tsakani, sai baƙin tabo ya fito kewaye da kan sukurun, shi kuma sukurun ya ci tsatsa. Nemi na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ƴan kasuwa ke ce wa inoks, mai kaurin milimita 4 ko 5 da tsawon 35, kowanne da washa mai faɗi. Idan ka zagaya Kasuwar Dole ba ka samu ba, ɗauki farin nan da aka yi wa rufin zinki, ka goga masa kyandir, kuma ka tsaya da shi a ƙarƙashin tebur inda ruwa ba ya kaiwa.

1. Tabbatar ice ne zalla, ka karanta goshinsa

Kifa teburin ka dubi goshin katakon, wato inda zarto ya yanke shi a gicciye. A icen ok na gaske za ka ga zobban shekaru, kowane zobe da jerin ƴan ramuka kamar hudar allura, da wasu siraran layuka suna ratsa zobban. Idan ka ga zanen goshin iri ɗaya ne da na fuska, ko an liƙa wani siririn ɓawo an rufe shi, to fata ce kawai aka shimfiɗa a kan matsattsen garin katako. Wannan ba ya motsin da muke magana a kai, ruwa ne abokin gabarsa, sai ka bar shi yadda yake. Nauyi ma shaida ne. Busasshen ok yana kai kilo 700 a kowane kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi, saboda haka saman tebur mai santimita 180 da 90, kaurin biyu da rabi, zai yi kusan kilo 28.

Sannan ka duba yadda zobban suka zauna a kowane falanki. Idan sun kwanta kamar bakan gizo, wannan yankan kwance ne, shi ya fi motsi, shi ne kuma ke lanƙwashewa kamar kwasfa. Idan sun tsaya a tsaye kamar haƙoran matsefi, yankan tsaye ne, motsinsa rabin na wancan, kuma a fuskarsa za ka ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Yi wa kowanne alama da fensir.

2. Kwance shi tun ranar da ya iso, ka bar shi ya saba da iskar gari

A Kwatano da Lome laimar iska tana kai kashi 80 cikin ɗari, katakon da ya daɗe a can yakan riƙe ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. A nan, daga Fabrairu zuwa Maris laimar tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, katako kuma ya sauko kashi 4 zuwa 5. Bushewar ba makawa. Abin tsoro shi ne saurinta, domin baya da goshi suna riga ciki bushewa, su nemi tsukewa, ciki ya hana su, sai su tsage. Haka sabon turmi ke yi idan an manta shi a rana.

Don haka sassauta duk sukurun da ke riƙe da saman, ka cire shi gaba ɗaya. Narka kyandir ka shafe goshin kowane katako da ba shi da banis. Ragowar fenti ma yana yi. Jera katakan a kan sandunan nan, tazarar santimita 40 tsakanin sanda da sanda, kowace sanda daidai kan ta ƙarƙashinta, ka ɗora nauyi a sama. Ɗaga jerin daga ƙasa da bulo saboda gara. Ɗakin ƙasa mai rufe ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba, in ma akwai randa a ciki ya fi. Idan da hunturu kayan suka iso, lulluɓa musu leda sako-sako na mako biyu ko uku na farko.

Na'urar auna ruwan katako tana da daɗi, amma ni sikeli na fi dogara da shi. Zaɓi falanki ɗaya, auna shi duk Juma'a, rubuta nauyin a jikinsa. Ranar da ka ga mako uku a jere nauyin bai sauya ba, ya zauna. Katako mai kaurin santimita biyu da rabi yakan ci wata ɗaya zuwa biyu, mai banis ya fi haka. Mai kaya zai dame ka da aike, biki ya matso, baƙi za su zo. Ba shi haƙuri, ka tuna masa sauri ya haifi nawa.

3. Yi lissafin motsin

Kowa a garin nan ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa da marka, hunturu na zuwa ta buɗe baki har ƙura na shiga. Ɗauki katako kamar damin kara: idan ya sha laima kowane kara yana ƙara kauri, damin ya kumbura, tsawonsa kuwa yana nan. Falanki mai mita biyu ba ya ƙara ko milimita ɗaya a tsawo tsakanin bazara da damina. A faɗi ne aikin yake.

Ga ƙa'idar ok. Duk kashi ɗaya na ruwa da ya shiga ko ya fita, faɗin mita ɗaya yana motsa kusan milimita 3.7 a yankan kwance, kusan 1.8 a yankan tsaye. A ɗakin Zinder katako yana iya tashi daga kashi 4 a Maris zuwa kashi 12 a Agusta, tazarar kashi 8 ke nan. Tebur mai faɗin santimita 90: 0.9 sau 3.7 sau 8, ya ba ka kusan milimita 27. Idan duka yankan tsaye ne, 13. A aikace ba kasafai yake cika wannan ba, domin banis yana rage masa sauri, daminarmu kuma gajeriya ce, kafin ya gama sha iska ta juya. Duk da haka ni cikakken lissafin nake bar wa wuri, tunda ramin da ya yi tsawo bai taɓa tsaga tebur ba.

Za mu kafe saman a tsakiyarsa, motsin ya rabu biyu. Katakon da ke ɗaure ƙafafu, wanda nake kira ɗamara, yakan zauna kamar santimita 40 daga tsakiya, to a nan motsin zai kai milimita 12. Riƙe wannan lambar. Kafintan Turai ya bar wuri daidai da iskar gidajensu, wadda ba ta tsalle irin tamu, shi ya sa ko teburin da aka ƙera bisa ƙa'ida a can yakan buƙaci a ƙara masa tsawon ramuka a nan.

Idan kana shakka, yanko siririn guntu a gicciye daga goshin falanki mai faɗi, ka rataye shi a bangon shago, ka auna shi a Maris da kuma ƙarshen Agusta. Nawa mai santimita 50 ne, bambancinsa yana wuce santimita ɗaya. Duk sabon yaron da ya zo koyo shi nake fara miƙa wa tef.

4. Haɗa saman

Wannan matakin na mai ƙera sabo ne ko mai sake haɗa tsagagge. Falanki mai faɗin santimita 8 zuwa 12 ya fi zama lafiya. Mai yankan kwance da ya wuce 20, raba shi biyu ta tsawo, ko da ranka bai so ba. Goge gefunan da filen har idan ka haɗa biyu ka ɗaga wa rana haske ba ya ratsawa. Ni nakan bar ɗan rami a tsakiyar tsawon, kaurin takarda ɗaya, domin goshi ne ke fara tsukewa, idan an matse shi tun farko ba ya buɗewa daga baya.

Wasu suna cewa dole a juya zobban, wannan sama wannan ƙasa, don lanƙwasar ta kashe juna. Yana taimakawa idan saman ba shi da abin riƙo. Inda ɗamara za ta riƙe shi, ni fuskar da ta fi kyau nake sawa a sama.

Da sassafe ake shafa gam. Da rana a bazara, kafin ka gama shafa falanki na uku na farko ya yi fata, haɗin kuma ba zai kama ba. Idan falankan suna da yawa, haɗa su biyu-biyu. Sa leda tsakanin ƙarfen matsewa da katako, in ba haka ba jiƙaƙƙen gam zai bar maka baƙin layi. Bar shi a matse har gobe.

Kuskuren da ya fi kashe tebur a shagunanmu shi ne katakon gicciye da ake liƙawa a ƙarƙashi da gam da ƙusa wai don ƙarfi. Shi ba ya tsukewa a tsawonsa, saman yana tsukewa a faɗinsa, dole ɗaya ya karye, kuma saman ne ke karyewa. Idan kana buƙatarsa, sa shi ba gam, da sukuru cikin dogayen ramuka kamar yadda za mu yi a gaba. Wani kuskuren: ka goge fuska ɗaya ka bar saman kwance a kan benci ya kwana. Ta sama za ta bushe, ta ƙasa ba ta samu iska ba, da safe ka tarar da kwasfa. Goge fuskokin biyu daidai, ka jingina shi a kan gefensa ko ka mayar da shi kan sanduna.

5. Shafa banis kafin ɗaurawa

Sanfefa 80, 120, 180, kullum bin jijiyar icen. Sannan duk yawan shafin da ka yi wa sama ka yi wa ƙasa, uku da uku. Goshi ya fi ko'ina shan iska, ƙara masa biyu. Tsoffin tebura da yawa za ka tarar ƙarƙashinsu tsirara ne, to rufe shi. Banis ba ya hana motsi, jinkirta shi yake yi, jinkirin kuma shi muke so.

Kada ka shafa baƙin man mota, kada ka shafa man gyaɗa; na farko ƙazanta ne a wurin cin abinci, na biyu yana yin wari ya riƙe ƙura. Mai amfani da man lin ya kiyaye tsummansa, domin idan aka dunƙule shi aka jefar a kwandon shara yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe a waje ko ka tsoma shi a ruwa.

6. Ƙera maɓallai da kunnuwa

Abin da ake so shi ne a danne saman ƙasa kada ya ɗaga, a bar shi ya zame gefe. Ɗamara huɗu ce, gajeru biyu da dogaye biyu, kuma ba abu ɗaya suke so ba.

A gajerun, saman yana zamewa ne tare da tsawon ɗamarar, a nan maɓalli ya dace. Maɓalli ɗan katako ne mai faɗin milimita 35, tsawon 50, kaurin 20, an sare masa mataki a baki ɗaya ya bar harshe mai kaurin 8 da tsawon 10. Jijiyar icen ta bi tsawon harshen, idan ta gicciye shi ranar farko zai ɓalle. Hanya mai sauƙi: sare matakin a goshin wani guntun falanki mai faɗi, yanke milimita 50, sannan ka rarraba. Huda rami ɗaya na sukuru a jikin kowanne. A cikin ɗamara kuma ka sassaƙa gurbin da harshen zai shiga, zurfin milimita 11, faɗin 9, tsawon santimita 6 don maɓallin ya samu wurin tafiya hagu da dama. Mai inji yana iya jan kwari ɗaya tun daga wannan ƙafa har waccan, cizal ma yana yi. Ga sirrin: matakin maɓalli zurfinsa 12, gurbin kuma ya fara milimita 13 daga saman ɗamara. Wannan milimita ɗaya shi ke sa idan ka ɗaure sukuru harshen ya jawo ɗamara ta manne da saman. Idan ka yi su daidai wa daida tebur zai riƙa ƙwanƙwasa.

A dogayen kuwa saman yana matsowa ne yana ja da baya. Turawa a nan ma maɓalli suke sawa, amma mu da milimita 12 ɗinmu, harshe mai 10 zai zare daga gurbi da hunturu. Sai na koma abin da nake kira kunne: guntun katako mai tsawon santimita 10, faɗin 4.5, kaurin 2, jijiyarsa tana bin ta ɗamara. Huda ramuka uku na milimita 6 a jere a gicciyensa, ka share tsakaninsu da cizal, su zama dogon rami ɗaya mai milimita 20. Liƙa kunnen a cikin ɗamara da gam da sukuru, milimita ɗaya ƙasa da bakinta, dogon ramin yana kallon tsakiyar tebur. Kuskuren sabon hannu shi ne ya kwantar da ramin tare da tsawon tebur, inda ba abin da ke motsi.

Idan ba ka da guntayen ice mai ƙarfi, je wurin mai walda ya yanka maka ƙarfen kusurwa ya tsaga masa dogon rami iri ɗaya. Yi masa fenti ya bushe kafin ya taɓa ok.

Tebur mai 180 da 90 yana son kunne huɗu a kowace doguwar ɗamara, maɓalli biyu a kowace gajeriya, da kuma kunne ɗaya mai zagayayyen rami a daidai tsakiyar kowace gajeriya. Waɗannan biyun su ne turken tebur.

7. Ɗaurawa, da kallon wata

Shimfiɗa bargo, kifa saman, goga kyandir a bakin ɗamara, ɗora ƙafafun ka daidaita da tef ta kowane gefe. Fara da turakun biyu, ka ɗaure su tam. Ok ba ya karɓar sukuru sai an huda masa hanya: baki mai milimita 3 ga sukuru mai 4, ka naɗa ɗan salatif a bakin injin daidai zurfin milimita 15 don kada ka ɓullo ta fuska. Sukurun tagulla yana da taushi, yana karyewa a ciki. Fara shigar da na ƙarfe ya buɗe hanya, ka fitar, sannan ka sa na tagullar da ɗan kyandir.

Inda sukuru zai zauna cikin dogon ramin kunne ya danganta da lokaci. Daga Fabrairu zuwa Afrilu katako ya gama tsukewa, abin da ya rage masa kumburi ne, to sa sukurun a ƙarshen ramin na wajen tsakiyar tebur. A Agusta da Satumba ya gama sha, sa shi a ƙarshen da ke kusa da ɗamara. Farkon damina ko bayan kaka, tsakiya. Haka maɓallai: da rani ka matso da su ɓangaren tsakiya cikin gurbinsu, da damina ɓangaren ƙafa. Amma halin katakon ake bi, kalanda taimako ne kawai. Idan mai kaya ya ƙi jira dole ka ɗaura wanda sikeli ke nuna yana raguwa, ɗauke shi a matsayin na Agusta ko da a Janairu kake.

Sa washa, ɗaure har ta zauna, sannan ka mayar da sukurun baya rubu'in juyi.

Idan teburin rubutu ne da zai jingina da bango, kana iya kafe shi a gefen gaba, duk motsin ya tafi baya. Sai dai ramukan baya su ninka tsawo.

Wasu teburan Turai suna da katako a gicciye da ya rufe goshinsu. Da hunturu za ka ga ya ɗan fito ta gefe, da damina ya shige ciki. Haka yake, kada ka datse shi. Gam a tsakiyarsa kawai ake sawa, kamar santimita 10, sauran ƴan turakun ice ne ke riƙewa cikin dogayen ramuka. Idan ka tarar an liƙe shi tun daga wannan baki har wancan, ni shawarata ka yanke shi ka huta.

8. Ƙofar armuwar da durowa

Allon tsakiyar ƙofa yana zaune ne cikin kwarin firam, ba gam. Mai faɗin santimita 40 yana motsa kusan milimita 12, shida kowane gefe, saboda haka kwarin ya yi zurfin 12. Shafa wa allon banis kafin ka haɗa, don kada farin layi ya bayyana idan ya tsuke. Siririyar ƙusa ɗaya a tsakiyar sama, ɗaya a tsakiyar ƙasa, ta baya, su riƙe shi a daidai. Idan yana kaɗawa da hunturu, cusa ƴan guntayen robar tub ɗin keke cikin kwarin. Kada ka bari mai gida ya sa a tsiyaya masa gam.

Durowa mai tsayin santimita 20 tana ƙara tsayi har milimita 6. Wadda ka daidaita a Maris ka bar mata wannan wurin a sama. Wadda ta cije a Agusta, fara da kyandir a gefuna. In dole sai filen, shafci kaɗan daga saman gefunanta.

9. Idan ya riga ya tsage

Kada ka cika tsagar da gam da garin katako, musamman da rani. Damina na zuwa icen zai kumbura ya tarar da weji a bakinsa, rani na gaba tsagar ta fi da tsawo. Cire saman, gano abin da ya riƙe shi, ka raba su. Bi tsagar da zarto har ƙarshen tebur, goge gefunan biyu, ka sake haɗawa kamar mataki na 4. Za ka yi asarar ƴan milimita, ba mai lura. Haka maigidana ya gyara na Alhaji, ni kuma na yi wata ina shan gori.

Wanda ya lanƙwashe, kwance shi ka ɗora a kan sanduna mako biyu ko uku iska ta ratsa fuskokin biyu. Sau da yawa yana komawa. Idan ya ƙi, raba shi ta tsawo gida biyu ko uku ka sake haɗawa. Baƙin tabon ƙarfe mara zurfi sanfefa tana ɗauke shi, mai zurfi sai sinadarin oksalik, da safar hannu, a wanke da ruwa bayan ya yi aiki.

10. Ranar kai kaya

Faɗa wa mai shi, ka kuma faɗa wa uwargida, domin ita ke tare da teburin kullum. Kada a ajiye shi inda rana ke faɗowa ta taga, ko daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki, ko kusa da kaskon wuta da sanyi. Kada a shimfiɗa masa ledar tebur a bar ta wata da watanni, domin sama za ta toshe ƙasa tana shan iska. Idan ana wanke daɓe a ɗaga ƙafafun, ko ka buga musu ƴan robobi tun daga shago. A goge da tsumma mai ɗan danshi, a bi da busasshe. Ka kuma gaya musu cewa idan suka ji ya yi ƴar ƙara da dare farkon hunturu, zamewa yake yi cikin ramukansa, kada a kira wani ya ɗaure.

Kafin ka fito, shiga ƙarƙashi da fensir ka ja layi a jikin saman daidai bakin ɗamara, ka rubuta watan. Bayan wata shida ka koma ka duba. Idan layin ya gusa ta gefen biyu daidai, aikin ya yi. Idan gefe ɗaya bai motsa ba, akwai sukurun da ya cije, sassauta shi. Idan kuma wani ya kai ƙarshen raminsa, cire kunnen ka ƙara masa milimita 5.